Baba Ya Nemi Izinin Tafiya Gida

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar malama a wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Tahoua, wani abu ya faru a gidanmu wanda ban cika ba da labarinsa ba. Kwanan nan wasu ɗalibai suka zo daga Yamai suna bin tsofaffin gidajen siminti na garin suna ɗaukar hoto. Suka tsaya a ƙofarmu suna ta yaba ginin, suna cewa irinsa ya kamata a adana don na baya su gani. Tun da suka tafi abin yake yi mini yawo a rai, shi ne na ce bari in rubuta muku shi yadda ya kasance.

Duk wanda ya tashi a Adar ya san cirani. Mahaifina ɗan wani ƙauye ne gaba da Barmou. Ya tafi Abidjan tun gemunsa bai fito ba, kamar yadda samarin garinsu suke yi idan an gama girbi. Tsaransa suka shiga talla da dako, shi kuwa Allah ya haɗa shi da aikin gida wurin wani Bature. Ya fara da shara da goge-goge, ya zama boyi, daga baya ya zama kuku. Ya daɗe a can ƙwarai, sai dai ya leƙo gida ya koma. A irin wannan leƙowar aka ɗaura masa aure da mahaifiyata, ya bar ta wurin tsohuwarsa ya juya. Da ya dawo gaba ɗaya sai ya kama sayar da yadi a kasuwa, Allah ya buɗa masa, ya sayi fili a bakin gari ya gina gida.

Gidan ba shi da zaure. Rufinsa a shafe yake kamar faranti, an shafe shi da farin fenti, da bene a sama. Bangon falo gilashi ne tun daga ƙasa har rufi. Ta wajen faɗuwar rana an jera bulo masu huda-huda kamar saƙar zuma, don iska ta wuce rana ta tsaya a waje. Matakalar bene ba ta jingina da bango ba, a tsakiyar falo take murɗawa ta hau. Wani magini ɗan bakin teku ne ya yi aikin, Baba yana tsaye a kansa yana nuna masa abin da yake so. Maƙwabta suka sa masa suna gidan gilashi.

Ina yarinya babu abin da nake taƙama da shi kamar gidan nan. Na sha jawo ƙawayena daga lakwal don kawai su hau matakala su sauko. Na taɓa gaya wa wata cewa a haɗe aka sauke gidanmu daga jirgin ruwa, ta kuwa yarda, har ta je ta faɗa a gidansu. Abin da ban gaya musu ba shi ne, idan bazara ta kama, gilashin nan mayar da falo yake yi tanda, sai dukanmu mu gudu ƙarƙashin dogon yaro. Mahaifiyata ba ta taɓa sakewa da gidan ba. Ta rataya tsofaffin zannuwa a jikin gilashi don kada mai wucewa ya ga abin da take yi. Ta sa aka kafa mata rumfar kara a bayan ginin, can take daka, can take girki a murhu, can take karɓar baƙinta. Ɗakin girki na ciki, mai farin tayil da famfo, sai dai a ajiye tukwane.

Akwai abubuwa biyu da muka tashi muka tarar, ba mu taɓa tambayar dalilinsu ba. Na farko, babban ɗakin sama, wanda ya fi kowane ɗaki kyau da iska, kullum a kulle yake, da gado a gyare a ciki. Baba ya ce na baƙi ne. Amma baƙinmu mutanen ƙauye ne, tabarma suke shimfiɗawa a rumfar Inna, ba wanda ya taɓa kwana a sama. Shi kansa Baba a wani ƙaramin ɗaki na ƙasa yake kwana. Na biyu, ƙararrawa. Akwai ɗan maɓalli kusa da gadon ɗakin sama, da wani kusa da teburin cin abinci, idan an danna sai ta yi ƙara a ɗakin girki. Kafin a fara kulle saman sosai, ni da yayana mun mayar da ita abin wasa, har ranar da Inna ta gaji, ta sa yayan nawa ya ɗauko almakashi ya datse wayar. Tun daga nan ba ta sake kuka ba.

Da Baba ya tsufa ya bar wa yayana shago, sai mantuwa ta fara kama shi. Da farko irin ta kowane tsoho ce: ya nemi hularsa tana kansa, ya yi alwala ya sake yi. Muna dariya, shi ma yana yi. Sannu a hankali abin ya sauya kama. Na lura ya daina zama a kujerun falo. Sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin girki, hannuwansa a baya, yana kallon tebur. Daga nan ya daina shigowa ta ƙofar gaba, sai ya zagaya ta baya. Wata rana muka tarar ya kwashe tabarmarsa da butarsa ya koma wani ɗan ɗaki da ke can ƙuryar fili, jikin katanga, inda muke ajiye buhunan hatsi da gawayi. Aka yi lallashi ya dawo, ya ƙi. Kowace safiya kuma sai ya cire zannuwan Inna ya ninke, ya ɗauki tsumma ya goge gilashin nan tas, har ya riƙa ƙyalli yadda ban taɓa ganinsa ba.

Muka kai shi likita. Aka duba shi, aka ce ciwon tsufa ne da ke taɓa ƙwaƙwalwa, ba shi da magani sai haƙuri da kulawa.

Ranar da abin ya fara ba ni tsoro, na dawo daga aiki ne da tsakar rana, da tabarau a idona, da jaka a kafaɗa, da takalmina mai tsini da nake ji da shi a lokacin. Ina shiga falo sai ga Baba ya taho da sauri, ya karɓi jakar da hannu biyu, ya rusuna.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Madam. Abinci ya kusa."

Na yi dariya, na ɗauka tsokanata yake yi saboda yangar da nake yi da aikin gwamnati. Na ce Baba yau kuma ni ce Madam? Bai yi dariya ba. Bai ma kalli fuskata ba, ƙasa yake kallo. Ya ci gaba da magana da Faransanci, wani irin Faransanci mai laushi da ban taɓa ji a bakinsa ba, da wata murya ƙarama wadda ba tasa ba. Mutumin da idan ya yi gyaran murya a ƙofa duk gidan yake nutsuwa, shi ne tsaye a gabana yana jiran in sallame shi.

Abin da ya yi wa mahaifiyata ya fi wannan ciwo. Ya same ta a falo tana neman wani abu, sai ya kama hannunta ya ja ta gefe yana waige-waige, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Mi ya kawo ki nan? Wa ya gwada miki hanya? Patron, mai gidan nan, ba ya son baƙi cikin gida. Koma wurin tsohuwa, in na samu hutu ina zuwa."

Inna ta zare hannunta. Ta fita ta koma rumfarta, ta jawo ƙwaryar zogale ta ci gaba da tsinka. Na zauna kusa da ita ina jiran ta yi kuka ko ta yi magana. Abin da kawai ta ce shi ne in miƙo mata gishiri.

Daga nan sai hidimar tire ta fara. Ban san inda ya samo makullin ɗakin sama ba. Kullum rana ta take, sai ya shirya tire: faranti, cokali, kofin ruwa, da ɗan tsumma a ninke a gefe. Ya zuba abin da Inna ta dafa, ya hau matakala a hankali, ya ƙwanƙwasa, ya jira, sannan ya shiga. Wata rana na bi shi a baya na tsaya a tsakiyar matakala. Ina jin muryarsa ta cikin ƙofa. Zai yi magana, sai ya yi shiru. Can sai ya ce "Wi," wato "i" da Faransanci. Ya sake yin shiru, sai ya yi ƴar dariya irin ta ladabi. Ba maganar ce ta dame ni ba, shirun ne. Tsawonsa daidai yake da tsawon maganar mutum, wani gajere wani dogo, kuma Baba bai taɓa katse shi ba. Bayan ɗan lokaci ya fito da tiren yadda ya shiga da shi, ya gan ni, ya ce in yi haƙuri, yau ma patron ba ya jin cin abinci.

Magana ta fara yawo a unguwa. Wasu suka ce dama filin akwai tsamiya a wurin kafin a yi gini, kuma an sare ta ba a nemi izinin masu ita ba. Wasu suka ce gidan da ba shi da zaure komai ma shiga yake yi ba sallama. Yayana ya kawo malami ya yi karatu a kowane ɗaki, aka yi turare, aka ba Baba rubutu ya sha. Ya karɓa ya sha, ya yi godiya. Washegari da rana ya ɗauki tirensa ya hau.

Abin da zan faɗa yanzu, na faɗa wa mutane kaɗan ne, kuma ba na rantsuwa a kansa. Wata rana ce cikin tsananin bazara, ba aiki. Inna ta tafi gidan suna, yayana yana kasuwa. An ɗauke wuta tun safe, fanka a tsaye, garin ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Ina zaune a ƙasan falo ina fifita, Baba kuma yana barci a ɗan ɗakinsa na ƙurya, ina hango ƙafafunsa ta ƙofa. Sai na ji ƙararrawa. Gajeriya, sau ɗaya, daga ɗakin girki. Na san ƙarar, da ita na yi wasa ina yarinya.

Kafin in gama gaya wa kaina cewa zafi ne ya sa kunnena yake kuka, sai na ga ƙafafun Baba sun motsa. Ya fito yana ɓalla maɓallin rigarsa, ya ratso filin da sauri irin wanda ya daɗe bai yi ba, ya shigo ta baya, ya wuce ni ya hau sama ba tire. Na zauna ina sauraro. Wannan karon ba magana, ba dariya, ba komai. Ya daɗe ƙwarai. Da ya sauko, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa mata toka. Ya zauna daɓas a matakalar ƙarshe, shi da ya yi watanni bai zauna a falon ba.

Ya ce, "Madam, patron bai tashi ba."

Na kama shi na mayar da shi ɗakinsa, na ba shi ruwa. Sannan na yi ta maza na hau saman, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Gado yana nan a gyare, tagogi a rufe, ɗakin yana warin ƙura da zafi. Kujera ce kawai aka jawo kusa da gadon, ta wajen kai. Na sauko na leƙa bayan ƙofar ɗakin girki. Wayar tana nan a datse, bakinta ya yi tsatsa.

Tun daga ranar, kullum da rana sai ya hau ya sauko da wannan maganar, kullum kuma kamar yau ya fara ganin abin. Ya daina cin abinci sosai, ya rame. Na ga idan aka ci gaba haka za mu rasa shi, sai na tafi wurin wani tsohon abokinsa da suka yi zaman Abidjan tare, yana sayar da goro a bakin kasuwa. Na gaishe shi, na kwashe komai na faɗa masa, ban da ƙararrawar da na ji.

Ya ce gidanmu ba Baba ne ya ƙirƙiro shi ba. Gidan Baturen ne, ɗaki bisa ɗaki, taga bisa taga, har ɗan ɗakin ƙurya, wanda a can shi ne makwancin boyi. Baturen mai zanen gine-gine ne, shi ya zana gidan da hannunsa a bakin ruwa. Matarsa ta kwashe ƴaƴa ta koma ƙasarsu da cewa za ta dawo, ba ta dawo ba. Abokai suka ragu, aiki ya ƙare, mutumin ya tsufa shi kaɗai a cikin gilashi, ba mai shiga ba mai fita sai Baba. Wata rana da tsakar rana ya danna ƙararrawa, Baba yana da mai a kan wuta, ya ce bari ya sauke tukunna. Da ya hau ya tarar rai ya yi halinsa. Ga shi baƙo a ƙasar mutane, bai san wanda zai kira ba, yana kuma tsoron a ce shi ya kashe shi. Sai ya rufe masa ido, ya jawo kujera ya zauna kusa da gawar har washegari, sannan ya iya fita ya nemi hukuma. Ranar da aka binne shi, in ji tsohon, mutanen da suka raka shi ba su cika mota ɗaya ba.

Na tambaye shi, to me ya sa Baba zai ɗauko gidan da ya ga wannan abu a ciki ya kawo mana?

Ya ce, "Ni ma na tambaye shi, ɗiyata. Ya ce mani gida mai kyau kamar wannan bai kamata ya ƙare bai ji kukan jinjiri ba. Ya ce shi zai kai shi inda mutane suke."

Na dawo gida ina kallon ginin kamar ban taɓa ganinsa ba. Na faɗa wa Inna abin da na ji. Ta ce ta san rabinsa, sauran rabin kuma ta daɗe da zarginsa.

Ba a jima ba, wata safiya ina shirin fita aiki, Baba ya tsaya a gabana da ɗan ƙunshin kaya a ɗaure cikin zane. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya rusuna ya ce aiki ya ƙare, yana roƙon a ba shi izini ya tafi gida, ya bar mata da tsohuwa, kuma damina ta kusa. Ni da wayona sai na kama yi masa bayani kamar ina gaban ƴan aji. Na ce Baba nan ne gidanka, kai ka gina shi da guminka, ni ɗiyarka ce, ga Inna can a rumfa. Ya yi murmushi irin wanda ake yi idan babba ya yi wasan da ba shi da daɗi, ya ce Madam tana da ban dariya. Na karɓi ƙunshin na ajiye, na ce wa Inna ta sa masa ido, na tafi.

Kafin azahar aka aiko lakwal a kira ni. Inna ta shiga wanka, ta fito ba Baba ba ƙunshi.

Wanda ya san ranar Tahoua a wannan lokaci na shekara ya san abin da muke tsoro. Tsoho mara ƙarfi, ba ruwa a hannu, idan ya miƙi hanyar duwatsu ba zai kai la'asar ba. Muka bazu. Yayana ya bi kasuwa da masallatai, ni na bi likita da gidajen dangi, maƙwabta suka bi bayan gari suna tambayar masu kiwo. Ina tafe ina kuka ina tambayar duk wanda na gani ko ya ga tsoho da farar riga. Can wani ɗan kabu-kabu da ya san yayana ya kira shi ya ce mu zo tasha.

Muka same shi zaune a kan benci a inuwa, ƙunshinsa a cinya. Ƴan kamasho sun kewaye shi. Suka ce tun ɗazu yake bin motoci yana tambayar wadda za ta Tahoua. Da farko sun yi ta dariya suna ce masa ai nan ne Tahoua, da suka ga ba wasa yake ba sai suka zaunar da shi suka saya masa ruwa. Yayana ya durƙusa a gabansa ya kama gwiwarsa. Baba ya dube shi da fara'a, ya tambaye shi ko shi ma ɗan Adar ne, ya ce idan hanyarsu ɗaya su zauna kusa, tafiyar da nisa. Yayana ya juya baya ya rufe fuska da hula.

Muna shawarar yadda za mu lallaɓa shi mu mayar gida sai ga Inna ta iso. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi motocin, sannan ta ce ba za a mayar da shi gidan nan ba. Yayana ya fara cewa a ƙauye ba likita, ba wuta, ba kaza ba kaza. Ta ce ta ji. Sai ta juyo gare ni.

"Ke ya ɗauka uwar ɗakinshi. Tun da safe ya roƙe ki. Ba shi izinin."

Ban taɓa yin abu mai nauyin wannan ba. Na gyara tabarau, na tsaya a gaban mahaifina a tsakiyar tasha, mutane suna kallo. Yana ganina ya miƙe tsaye da sauri. Na ce masa da Faransanci ya yi aiki mai kyau, an gode, yana iya tafiya gida. Ya yi godiya har sau nawa. Sannan ya matso, ya rage murya, ya ce yana da abin da yake so Madam ta yafe masa: ranar nan ya ji kira, bai hau da wuri ba. Na ce masa ba shi da laifi ko kaɗan, kwanan mutumin ne ya ƙare, kuma ba wanda ya riƙe shi kamar yadda shi ya riƙe shi. Ya sauke wani dogon numfashi, na ga kafaɗunsa sun sauka.

Inna ta shiga motar farko mai zuwa wajen Barmou ta riga mu. Yayana ya nemo mota, muka ba ta tazara, sannan muka bi da Baba. Na cire tabarau da takalmin na cusa a jaka, na yafa mayafin Inna, na zauna a baya. Duk hanya yana leƙen taga. Da muka bar kwalta muka shiga jan dutse da ƙaya, sai ya fara kiran sunayen wurare, wannan fadamar wane ce, can rijiyar kaza take. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Muka isa da la'asar sakaliya. Rumbunan garin suka fara bayyana, sannan katangun laka. Inna ta riga ta faɗa wa ƙaninsa da sauran dangi, sai suka fito suka tarye shi yadda ake taryen wanda ya dawo daga cirani. Barka da zuwa, ya hanya, ya mutanen bakin teku. Tsofaffi suna riƙe hannunsa, yana amsawa da muryarsa ta asali, babba, wadda na yi watanni ban ji ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya zauna a tsakiya ya miƙe ƙafa, ba wanda ya ce masa zauna.

Sai Inna ta fito daga cikin gida da ƙwaryar fura, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ya dube ta ya daɗe. Ya kira ta da wani suna da ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba.

Ya ce, "Kin rame."

Ta ce, "Kai ma."

Ya sha furar nan har ya ga ƙasan ƙwarya. Ya tambayi tsohuwarsa, ƙaninsa ya ce ta riga mu gidan gaskiya. Ya sunkuyar da kai ya yi mata addu'a, kamar dama ya ji a jikinsa. Can ya hango ni a rakuɓe jikin bango, ya tambayi ɗiyar wa ce. Inna ta ce tashi ce. Ya ce ikon Allah, ta girma. Ya kira ni ya dafa kaina. Daga ranar bai sake ce mini Madam ba. Ba kullum yake tuna sunana ba, amma ya san ni tasa ce.

Ya ga daminar da yake ta sauri ya tarar. Yakan sa a kai shi bakin gona ya zauna yana faɗa wa masu noma inda suka bar ciyawa. Bai sake tambayar tire ba, bai sake tashi da rana a firgice ba. Bayan an kai hatsi rumbu ya kwanta ciwo na ƴan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa, ɗakin cike da mutane. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da Inna ta gama takaba muka je ɗauko ta. Ta ce ba inda za ta. Na ce Inna gidanki fa, shekara nawa kina ciki. Ta ce ita zama ta yi masa a can don ta ga yana so, shi ma kuma bai taɓa zama mai gida a ciki ba ko kwana ɗaya.

"Mu biyu baƙi muke cikin gidan nan. Ku da anka haifa ciki, ku ne masu shi. Ku koma ku zauna."

Muka koma. Yau ni da iyalina da na yayana muke ciki, yara sun cika shi da ihu, gilashin duk shatin hannuwansu. Masu ilimin gini suna ganin tarihin wani zamani a jikinsa, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma na koyi cewa mutum yana iya gina gida da kuɗinsa da ƙarfinsa, ya yi shekaru a ciki, zuciyarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana jiran a sallame ta. Gida shi ne inda mutum zai zauna ba sai an ce masa zauna ba.

Wani lokaci nakan yi tunanin kaina. Idan Allah ya ja kwanana har hankalina ya fara tafiya irin na Baba, na san ba ƙauye zan nema ba, ban tashi a can ba. Wannan gidan zan nema, mai zafi da bazara, wanda wani baƙo ya zana wa kansa a bakin teku ya mutu a ciki shi kaɗai. Na riga na gaya wa ƴaƴana, duk inda nake a lokacin, idan na ce zan tafi gida kada su tsaya yi mini bayani. Su kawo ni nan.